Matar da Ta San Sunan Kowa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Mahaifiyarmu ta koma ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na Gwammaja, 'yan watanni bayan soja sun sake miƙa mulki ga farar hula. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata. Sauran mutanen gari, daga masu kayan miya na bakin lungu har alƙalan da ta sha zama a gabansu saboda matan mutane, Malama suke ce mata, kuma ko da ta je Makka ta dawo ba su sauya ba.

Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki gidan bai ɗauke mu ba, sai da maƙwabta suka buɗe nasu tsakar gidan aka shimfiɗa tabarmi. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta shigo tana dogara sanda, ta zauna, ta ɗaga hannunta na dama ta ce, "Wannan hannun Malama ta riƙe har na iya rubuta sunana. Ina da jika a lokacin." Wani kafinta mai furfura ya tsaya a soro ya ƙi shigowa, ya aiko a gaya mana cewa ba don Malama ba da a gidan yari zai tsufa. Wata mata da mijinta suka zo tare, abin da ba a cika gani ba a wurin gaisuwa, suka ce sau uku Malama tana mayar da aurensu kan hanya, a na ukun har da zagi. Kowa ya buɗe baki abu ɗaya yake ƙarawa da shi: ba ta manta sunan mutum. Ko shekara ashirin kuka yi ba ku haɗu ba, za ta kira ka, ta kira uwarka, ta tambayi ɗan da ka bari yana rarrafe.

Ina zaune a gefen ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa. Yawancin masu shigowa ƙanwarmu Auta suke nufa, su dafa ta, su yi mata addu'a, don ita suka saba gani a bayan Malama. Wata baiwar Allah da ta gama da Auta ta juyo gare ni da fara'arta ta ce, "Sannu da haƙuri. Ke kuma 'yar'uwar marigayiyar ce?"

Kafin in ce wani abu Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce aminiyar Inna tun suna 'yan mata, ta amsa mata: "'Yar farinta ce."

Matar ta riƙe baki. "Ikon Allah! Shekara goma sha biyar ina shiga wurin Malama, wallahi ban taɓa jin ta ambace ta ba. Kai, Malama akwai kara."

Yabo ta yi, na sani. Na ce mata na gode. Amma abin ya sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Shekarata arba'in da 'yan kai a duniya, ban taɓa jin sunana a bakin uwar da ta haife ni ba. Ƙannena sun roƙe ni in rubuta wani abu don kada jikoki su tashi ba su san wace ce Inna ba. Na ce zan rubuta, amma Innar da na sani zan rubuta, ba wadda suka sani ba.

Ana yaye ni aka kai ni unguwar Koki wurin Iya, kakata ta wajen uba, kamar yadda ake yi wa 'yar fari. A can na girma. Iya ta shagwaɓa ni son ranta, ban rasa komai ba, kuma ba ni kaɗai ba ce a unguwar da uwarta take jin kunyarta. Sai dai sauran iyayen kan nemo wa 'ya'yansu wani laƙabi su ɓuya a bayansa. Inna ko laƙabin ba ta yi mini ba. In dole ta kama ta yi mini magana, "ke" ce. In da wani take magana a kaina, "'yar gidan Iya" ce, ko "waccan". Ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi mini kitso ba, in na shigo ɗaki tana dariya sai ta gyara fuska kamar baƙon kunya ya shigo.

Da a ce irin matan nan ce masu riƙe al'ada ta kowane ɓangare, da ban damu ba. Amma Inna ce fa. Ita ce matar da Baba ya bari ta koma makarantar horon malamai bayan aure, dangi suka yi ta surutu har suka gaji. Ita ce mai fita da safe da jakar fata a kafaɗa da lema a hannu da takalmin kambas, tana ratsa lunguna da sauri har maza suna matsa mata hanya. Ba ta iya tafiya a hankali ba, ba ta iya cin abinci a zaune daram ba, kullum da ƙafa ɗaya a waje. Tana son goro fari, tana ƙin ƙarya da ƙazanta, kuma in ta ce maka "zauna tukuna ka sha ruwa" to ka shirya, faɗa ne zai biyo baya.

Ina aji uku a firamare aka yi wa malamin ajinmu canji, aka kawo Inna. Daren ranar da na ji labari na kasa cin tuwo don murna, domin na san kowace safiya malami yana buɗe rajista ya kira sunan kowa. Na ce yau dai asiri zai tonu. Washegari na sa Iya ta goge mini kayan makaranta da dutsen guga, na zauna a bencin gaba. Inna ta buɗe rajista ta fara kira, yara suna amsawa. Da ta zo kan layina sai ta ɗago kai, ta kalli wajen da nake, ba ni ba, wajen, ta sa biro ta yi alama, ta kira wadda ke bina. Haka ta yi har shekara ta ƙare. Yaran ajin suka sa mini suna Tsallake, kuma akwai waɗanda har yau in mun haɗu a biki da shi suke kirana.

A shekarar ce na faɗo daga bishiyar darbejiyar makaranta na fasa goshi. Jini ya rufe mini ido, yara suka ruga suka kira ta. Na ji saurin takunta, na san shi ko a cikin dubu, amma da ta iso sai ta ja ta tsaya. Ta ce wa wata malama, "Don Allah ɗauke ta a kai ta asibiti." Ita ta koma aji ta ci gaba da koyar da lissafi. Da la'asar ta zo Koki, ta gaida Iya, ta ajiye ƙwaryar fura da ta sha nono, ta tambayi lafiyar akuyar Iya da ta haihu, ta tambayi rufin ɗakin da ke yoyo. Ina kwance a gabanta da bandeji. Da za ta tafi, a bakin ƙofa, ta ce, "Iya, kada a bar ruwa ya taɓa wurin." Iya ta yi dariya ta ce, "Wane wurin? Rufin ɗaki?" Inna ta sa takalmi ta fita.

Daga baya ta bar aji ta koma ofishin jin daɗin jama'a, inda ake kai rigimar aure da ta riƙon yara da ta waɗanda ba su da kowa. Tana da hanyar aikinta da ba a koya mata a ko'ina ba. In ta shiga gidan da ake rigima, ba ta fara da masu rigimar. Madafi take nufa ta buɗe tukunya, domin a cewarta yawancin gidajen da ake ihu ba a ɗora komai ba tun safe. In ta ga haka sai ta aika a sayo abin da za a dafa, ta zauna a ƙasa, ƙasa da kowa, har da yaran gidan. Sannan ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu a hankali. Ta kan ce mutum ba ya iya ci gaba da ɗaga maka murya in kana kiransa da sunan da uwarsa take kiransa. Na ji ta faɗi haka sau da yawa, kuma ko sau ɗaya ba ta lura da wadda ke tsaye a bayanta ba.

Akwai wata mata da ta samu taɓin hankali bayan haihuwa, dangin mijinta suka kulle ta a ɗaki. Inna ta je ta buɗe ɗakin da kanta, ta kawo matar gidanmu na Gwammaja. Lokacin ina hutun makaranta, na zo kwana biyu. Na ga Inna ta ɗora ruwan zafi, ta shiga banɗaki da matar, ta cuɗa ta, ta fito da ita ta zaunar a tsakanin ƙafafunta, ta yi ta tsefe mata gashin da ya dunƙule da man shanu, tana yi mata hira kamar sun daɗe da sanin juna. Wata uku matar ta yi a gidan, ta warke, ta koma ta shayar da ɗanta. Aikin alheri ne, Allah ya sa shi a mizani. Ni dai a ranar, ina 'yar shekara goma sha huɗu, kishin mai taɓin hankali na yi, kuma ba na jin kunyar faɗar haka yanzu.

Sai aka zo shekarar da soja suka fara cewa za su koma bariki, aka kuma ce wannan karon mata ma za su jefa ƙuri'a. Inna ta ɗauki abin kamar ita aka yi wa alkawari. Ta bi gida gida tana lallashin mazaje su bar matansu su yi rajista. Wani dattijo ya ce mata matansa ba su san komai a kan mulki ba, ta ce masa, "Alhaji, su da suke mulkinka shekara talatin?" Ya yi dariya ya bar su. Da yamma takan tara mata a tsakar gidanmu ta jiƙa shuni a kwano, ta koya musu dangwala yatsa a takarda ba tare da sun shafe ta ba. Gidan ya yi wata guda duk inda ka taɓa sai ka ga sawun babban yatsa, a bango, a murfin randa, har a bayan rigar Baba.

Ni a lokacin ina makarantar koyon aikin jinya, na haura shekara ashirin, kuma na ɗauka na girmi wannan damuwa. Ashe tana nan. Da na ji an sa Inna cikin masu raba wa matan Gwammaja katin zaɓe, kuma kiran suna za a yi, sai na ƙulla dabarata. Na ƙi yin rajista a Koki inda nake zaune, na zo Gwammaja na yi. Na ce wannan ba rajistar aji ba ce da za ta kalle ni ta yi alama. Aikin hukuma ne, mata sun fi a ƙirga, dole a ɗaga murya a kira mai kati ta taso ta karɓa.

Ranar rabon mata suka cika filin firamare, kowacce da mayafinta mai kyau kamar za a ɗaurin aure. Inna tana tsaye a bayan tebur da tarin katuna, wata malama abokiyar aikinta tana zaune tana duba takarda. Na zauna can baya don kada ta ce ta hango ni ta miƙo. Ta yi ta kira da muryar nan tata da ake ji daga bakin titi, har da tsokana: wance ta taso, a bar gulma haka, wance ta zo da sauri, miya na ƙonewa. Can na ga ta ɗauki wani kati, ta duba, ta tsaya. Ta yi gyaran murya. Sai ta miƙa wa abokiyar aikinta ta ce, "Malama, karɓi wannan, maƙogwarona ya bushe."

Malamar ta kira sunana. Na taso na ratsa mata, su kuwa da suka gane abin da ya faru sai wurin ya ɗauki guɗa da dariya. "Malama ba dama!" "Boko bai ci ta ba!" Wata tsohuwa har da sa mata albarka. Kafin in iso teburin maƙogwaron ya jiƙe, tana kiran ta gaba.

Ban koma Koki ba. Na wuce gida na jira ta. Ta dawo bayan la'asar, ta yi salla, ta zauna tana ninke kayan wanki. Na shiga na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Inna, mene ne sunana?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wanda aka raɗa miki bai ɓata ba, ai kin ji an kira."

Na ce, "An ce mace ba ta aiki, kin yi. An ce mace ba ta tsayawa gaban alƙali, kin tsaya. Yau kin fito da matan kulle sun karɓi kati. Duk abin da aka ce ba a yi kin yi shi, wannan ɗaya ce ta gagare ki?"

Ta daɗe tana ninke zani ɗaya. Sannan ta ce, "Ke yarinya ce. Tun ranar da na rataya jaka ake cewa na zubar da kunya. Gidajen da nake shiga, kin san me tsofaffin ciki suke cewa kafin su bari a buɗe mini? Cewa suke, ku bar ta ta shigo, duk bokonta ko 'yar farinta ba ta iya kallo. Da wannan suke gane ni tasu ce."

Na ce, "Ashe da ni kike buɗe ƙofofin."

Na ga maganar ta shige ta, hannunta ya tsaya a kan zanin. Na jira ta yi mini faɗa, ko ta kore ni, ko ma ta mare ni, don ko marin ma taɓawa ce. Sai ta ce, "Akwai dambu a kwano. Ki ci kafin ki tafi."

Ban ci ba. Wata biyar ban taka Gwammaja ba, ranar zaɓen ma ban fita ba, katin ya tsufa a cikin akwati. Gwaggo ce ta zo har makaranta ta same ni, ta wanke ni tas, ta ce taurin kan da nake taƙama da shi a nono na sha, ta sa ni a gaba muka tafi. Da muka shiga na durƙusa na gaida Inna, ta amsa kamar jiya muka rabu, ta ce wa Gwaggo, "Waccan ta rame, ba sa ba su abinci ne?" Shi ke nan sulhun. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ramuwar da na iya yi ɗaya ce. Da na haifi tawa 'yar farin na ƙi ba kowa riƙo, na goya ta na shiga da ita ko'ina, ina kiran sunanta da ƙarfi musamman in Inna tana kusa. Na zaci za ta ji haushi. Ina! Sai ta karɓe yarinyar ta ɗora a cinya, tana jujjuya ta, tana cewa, "Zo nan, uwarki ba ta da ta ido, mu rabu da ita." Duk wasan da ba ta yi da ni ba a kan yarinyar nan ta sauke shi, har da goyo, a gaban kowa. Wani lokaci tana yi wa yarinyar kitso sai in ga ta saci kallona, da mun haɗa ido ta kau da kai.

Ta yi ritaya amma ritayar ba ta san da zancen ba, soronmu ya koma ofis. Bayan rasuwar Baba ita ta zama uwa da uba ga dangi duka, ba a ɗaura aure ko a raba faɗa sai an ji ta bakinta. Da zaɓe ya sake dawowa bayan dogon zaman soja, ƙafafunta sun riga sun kumbura, amma ta sa aka kai ta rumfa a mota, ta dangwala yatsa, ta fito tana yi wa 'yan matan da ke layi faɗan rashin haƙuri. Daga nan jikin ya fara kwantawa.

A jinyar nan ne na fi shan wuya. Shekara ashirin ina aikin asibiti, na juya marasa lafiyar da ban san adadinsu ba, na wanke su, na ba su abinci a baki. Inna ta ƙi yarda in taɓa ta. In na zo da allura sai ta ce a kira Auta. In za a goge mata jiki sai ta ce in fita in duba tukunya. Haka na riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina gaya wa Auta yadda za ta tallafo ta, inda za ta sa matashi, yadda za ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Auta tana yi tana kuka, ni ina bayani da muryar aiki. Na ji haushi, na ji tausayi, kuma sau da yawa ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Talatar ina madafi ina dama mata kunu Auta ta ƙwalla ihu. Kafin in iso rai ya yi halinsa. Gida ya cika nan da nan, maza suka tafi haƙar kabari, aka aika a sayo likkafani. Matan unguwa biyu da suka saba wankan gawa suka iso suna naɗe hannun riga. Sai Gwaggo ta tare ƙofa ta ce, "Ku yi haƙuri, akwai wasiyya." Ta juyo ta dube ni. "Ke za ki wanke ta. Ni zan zuba miki ruwa."

Na ce, "Ni, Gwaggo?"

Ta ce, "Da wa nake? Tashi, rana na yi."

Muka shiga mu biyu, aka saki labule. Gwaggo ta riga ta jiƙa ganyen magarya, ta ajiye kafur a gefe. Na yi bisimilla na sa hannu. Ban san haka Inna take ƙarama ba. Matar da takunta ke cika lungu, da hannu ɗaya na iya tallafo kafaɗunta. Na yi mata alwala, na fara da dama, Gwaggo tana zubawa a hankali tana salati. Na wanke tafin ƙafar da ya yi kanta saboda yawon gidajen mutane. Na tsefe mata kai, farin gashi mai laushi da ban taɓa ganinsa a buɗe ba, na raba shi uku na kitse. Ban yi sauri ba, Gwaggo kuma ba ta ce in yi ba, duk da ana ta sallama daga waje cewa makara ta iso. Ban yi kuka ba sai da na ɗaure likkafanin.

Allah ya jiƙan Inna. Ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata mata makwanci kamar yadda ta yalwata wa bayinsa gidanta, ya haɗa ta da Baba da Iya a inda babu rabuwa. Ni ma ya yafe mini tsayuwar da na yi a kanta.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi aka mayar wa maƙwabta nasu. Da hantsi na sami Gwaggo ita kaɗai a ɗakin Inna tana jan carbi. Na zauna kusa da ita, na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

Na ce, "Gwaggo, da ta ba ki wasiyyar nan, cewa ta yi waccan ta wanke ni?"

Gwaggo ta ajiye carbin. Ta ce, "A'a. Cewa ta yi, 'yata ce za ta wanke ni. Ni kuwa kin san halina, na ce mata, 'ya'yanki mata uku ne, wacce a ciki? Ta harare ni. Na ce wallahi ba zan ɗauki wasiyya a dunƙule ba, kada in je in ba wadda ba ita ba. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa."

"Ta faɗi sunana?"

"Ta faɗa. Sau ɗaya. Da ta buɗe fuskar, mayafin ya jiƙe."

Na ce, "Ina ina a lokacin?"

"Kina tsakar gida kina wanke mata zannuwa."

Taku goma ne tsakanin wurin wankin da gadonta. Na zauna ina kallon ƙofar. Can na ce, "Gwaggo, don Allah faɗa mini shi yadda ta faɗa."

Gwaggo ta dube ni, ta gyara zama. Ta ja nata mayafin ta rufe fuska, ta sassauta murya, ta kira sunana a hankali, cikakke, ba ta gutsure ko harafi ɗaya ba.

Na ce, "Na'am, Inna."